Karnuka Biyar, Kura Ɗaya

Ni mai gyaran waya ne a Fam Santa,
teburi na uku daga bakin masallaci.
Wayar kowa in ta mutu ni ke tashin ta,
tawa kuwa da hannuna nake kashe ta
tun kafin a kira azahar.

Ba lalacewa ta yi ba. Ƙara take yi.

In ta yi, Alhaji Tasi'u ne, kuɗin gilasai,
dubu ɗari da tamanin tun kafin azumi.
In ta sake, Uwani ce, uwar adashi:
na yi ɗaukar farko, zubi ya gagara.
Mai gidan haya a Ɗorayi ba ya kira,
takalmansa nake hangowa a ƙofar zaure
in juya in bi ta lungun masu awara.
Mai kemis da ya ba ni alluran Inna
har yau gaishe ni yake da fara'a,
wannan ya fi zagi ciwo.
Ta biyar ba ta da fuska.
Manhaja ce, na latsa ta da tsakar dare,
dubu arba'in ta ba ni, suka haihu, suka yi jikoki.
Ranar da na makara ta bi lambobina kaf,
har surukina a Gwammaja ya karanta
cewa Garzali ɓarawo ne, a yi hattara.

Nafi'u mai caji ne ya ce:
ci babba ka biya ƙanana,
baki ɗaya ya fi biyar sauƙin saurare.

Na sa shaddar sallar bara,
na hau adaidaita zuwa titin gidan zu.
Yarinyar banki ta karɓi lambata ta buga,
ta yi shiru,
irin shirun da nake yi
in na buɗe waya na tarar ruwa ya ci injin.
“Malam, sunanka ya yi ja.”
Kwamfuta ta san watan da na gaza,
ba ta san watan ne Inna ta kwanta a Murtala ba.
Ta san rana, ta san kwabo,
ba ta san shekara tara ina wannan teburi
ban taɓa musanya batirin kowa ba.

Ta ce akwai hanya, sai dai da ƙaya:
kawo mai tsaya maka, ma'aikacin gwamnati,
ruwan kuma zai ɗara na masu farin suna.
Ashe wanda ya fi jin ƙishirwa
shi ake tsauwala wa kuɗin ruwa.

Yaya Hansatu, malamar firamare a Kurna,
ba ta yi mini faɗa ba. Da ma ta yi.
Biro kawai ta nema,
ta sa albashinta a ƙarƙashin sunana.
Na tuna huɗubar liman a kan riba,
na sunkuyar da kai, na sa nawa hannun.

Kwana biyu na yi ina rabo.
Uwani ta ƙirga sau biyu tana jiƙa yatsa.
Mai kemis ya ce, ai da ba sauri.
Manhaja ta turo saƙo:
barka, yanzu ka cancanci dubu ɗari.

Karnuka biyar na sayar, na sayi kura.
Ba ta haushi, ba ta kiran waya.
Ashirin da takwas ga wata take fitowa,
wata ashirin da huɗu,
kuma ta san hanyar Kurna.

Yau wayata a kunne take, ba mai kira.
Wani yaro ya kawo tasa, gilashi ya fashe.
Da ta kawo haske, ga manhajar nan
tana yi mini murmushi a kusurwa.
Na ɗaure kusoshi, na goge, na miƙa.
Na ce, dubu shida.
Ya sosa ƙeya ya ce, sai gobe in Allah ya so.

Na dube shi. Na ce, je ka.