Littafin da Muka Binne

Yayana Sahabi bai taɓa riƙe biro don kuɗi ba.
Buhu ɗari huɗu na albasa su taso daga Kware,
ya san na wa ne, ya san wanda ya biya rabi,
ya san direban da ya ci bashin mai a Tambuwal.
In ka ce ya rubuta, sai ya ƙwanƙwasa goshi:
"Wanga littafi ruwa ba ya jiƙa shi,
gara ba ta cin shi."

Ran wata Laraba, bayan la'asar,
muka ɗauki littafin a kafaɗa,
muka kai shi, muka rufe da ƙasa.

Kafin kwana uku masu bin sa sun cika zaure,
kowa da lissafinsa a baki.
Waɗanda yake bi su ma sun zo,
sun yi ta'aziyya mai kyau, har da hawaye,
suka sa takalmansu suka tafi.

Wayarsa na kan tabarma tana haske,
tana tambayar lambobi huɗu
da babu mai rai da ya san su.

Hajo mai ƙosai ta zo bayan isha, murya ƙasa-ƙasa:
kuɗin keken ɗinkin ɗiyarta,
tarin shekara uku, ajiya a hannunsa.
Na yarda da ita.
Amma dukiyar marayu ce a gabana,
kuma alƙali ba ya rubuta "na yarda".
Na biya rabi daga aljihuna,
ɗaya rabin yana bi na har cikin sujada.

Gonar fadama, iyakarta giginya ce.
Ambaliya ta tafi da giginyar.
Modi da Jabbi, ciki ɗaya, nono ɗaya,
yau in sun hangi juna a Tsohuwar Kasuwa
sai ɗaya ya tuna yana da sauri.

Shi ya sa ɗazu na tsaya Ƙofar Atiku
na sayi littafi mai ganye arba'in.
Inno ta leƙo da ludayi a hannu:
"Malam, lafiya? Mutuwa kake kira?"
Na ce wanda ya gyara indararo da rani
ba shi ya kira damina ba.

Na rubuta: mai siminti a Mabera na bi na dubu tamanin.
Takardar gidan Runjin Sambo tana koren akwati,
makullin na cikin aljihun tsohuwar rigar sallah.
Daga sulusi a haƙa rijiya a ƙauyenmu.
Sauran Allah Ya riga Ya raba,
ban sa baki ba.
Da na zo kan wanda zai riƙe auta
biro ya tsaya.
Na fita tsakar gida, na sha ruwan randa, na dawo.
Akwai kuma wani bashi da kunya ta ɓoye shekara tara,
shi ma ya hau takarda, da sunan mai shi.

Na aika wa Liman Ladan da Haliru mai kemis.
Liman ya ce gobe bayan asuba.
Na ce a gaya masa na san goben nan,
ita yayana yake jira har yau.
Sai ga shi, ko hula bai tsaya nema ba.

An ɗauke wuta.
Haliru ya riƙe tocila da haƙora ya sa hannu.
Litinin zan kai wa lauya ya duba.

Sannan na ci tuwon shinkafa, na nemi ƙari.
Inno na kallo na ta gefen ido,
ko zan faɗi.
Ban faɗi ba.
Barci ma na yi,
irin wanda rabona da shi tun waccan Laraba.