Faifai na Arba'in da Ɗaya

Akwatin a Kasuwar Dole na same shi,
cikin tarkacen wani mai haƙar rijiyoyi da ya koma ƙasarsu.
Jaka biyu Zabeiru ya sallama, yana dariya:
"Baƙaƙen faya-fayai ne, ko tuwo ba sa rufewa."

Arba'in da ɗaya. Ba hoton kowa a kai,
farar takarda, lamba, da hatimin roba.
Masu kiɗan sun ɓoye sunansu
kamar wanda ya yi sadaka da dare.

Na sayi littafi mai layi, irin na ƴan lakwal,
kowane faifai da shafinsa.
Na bakwai, tekno: ganga ɗaya mai taurin kai,
minti tara ba ta waiwaya ba. Takwas cikin goma.
Na sha biyu, elektro: akuya ce ta hau rufin kwano
da takalman ƙarfe. Shida.
Da safe na goge, na sa bakwai.
Na ashirin da uku ba ganga, ba komai,
dogon numfashi ne kawai, irin na duwatsun Birni
idan suka fara sakin zafin rana bayan lisha.
Shi ban ba shi maki ba. Shafinsa fari ne har yau.

Inna Tsahara ta leƙo, ta tsaya, ta saurara.
"Kiɗa ba mawaƙi? To yaushe zai fara?"
Na ce ai ya kusa ƙarewa.
Ta ce injin niƙan Ladidi ya fi shi,
ko banza shi yana ba da gari.

A fada ma shayi bai kai na biyu ba
suka ce in kashe, ana son jin ƙwallo.

Na ƙarshen rana ce ta lanƙwasa shi,
ya yi doro kamar kaskon tuya.
Allura ta hau, ta sauka, ta maƙale a zagaye guda:
dim, dim, dim, ƙarr,
dim, dim, dim, ƙarr.
Na ɗauki biro zan rubuta sifiri
sai Baba Kiyari ya shigo neman ashana.

Shekara sha tara kunnensa a rufe,
injin haƙa ne ya cinye shi a hanyar Tanut.
Ban san abin da ya hau ta tafin ƙafarsa ba.
Ya durƙusa, ya ɗora hannu a kan akwatin sauti
kamar mai duba zazzaɓin yaro.

"Dutse ne wannan," in ji shi da ƙarfi, irin na kurame.
"Mita talatin, ko da biyu.
Kada ka taɓa. Ruwa na ƙasa."

Ban taɓa ba.
Muka zauna, ni da kunnena, shi da hannunsa,
gumi na bin gemunsa,
faifan na haƙa wuri ɗaya,
har wuta ta ɗauke a duk Zango,
sautin ya yi ƙasa, ya ja ƙafa, ya kwanta.

Cikin duhu ya yi tsaki.
"Kullum a nan gazuwal ke ƙarewa."

Ashanar da ya zo nema na ƙyasta,
na buɗe shafi na arba'in da ɗaya.
Wurin maki na rubuta: mita talatin da biyu.
Ƙasa da shi: a ci gaba gobe.