Ɗumin da Ke Zuwa ta Bututu

Ƙarfe uku na dare, a arewacin Finland,
ni kaɗai ke gadin zauren na'urori.
A waje ƙanƙara ta kai gwiwa,
a ciki na rataye rigar sanyi a ƙusa,
gumi na bin ƙeyata.

Sahu-sahu suke tsaye,
kowace da koren idonta tana ƙiftawa.
Ba barci, ba gyangyaɗi.
Fankoki dubu na gurnani da murya ɗaya,
ko na koma gida na kwanta
sai in ji su a cikin haƙorana.

Veikko, da ya miƙa mini aiki da almuru,
ya ce wutar da muke sha a dare guda
ta ishi garinmu mako.
Ya faɗa yana ɗaure igiyar takalmi,
kamar mai faɗin farashin dankali.

Me muke wa dako haka?
Hoton miyar da wani ya ɗauka bai ƙara dubawa ba,
saƙon da aka tura wa mutum arba'in
babu wanda ya buɗe,
kyanwa tana faɗowa daga kan tebur,
da muryar wani mamaci
da 'yarsa ta kasa gogewa.
Mita ba ta tambayar wane ne wane,
akushi ɗaya duk suke ci.

Da, sama muke hura zafin nan,
hankaki su taru a rufi suna shan ɗumi kyauta.
Bara aka haƙa ƙasa, aka binne bututu.
Yanzu ruwan da ya kashe wa na'urori zazzaɓi
yana bi ta makaranta, ya bi ta asibiti,
ya ƙare a ɗakin kakata Rauha.

Ta daina faskare.
Gatarin Onni, mijinta, ya yi tsatsa a bayan ƙofa.
Takan shanya safarta a kan ƙarfen ɗumi,
ta dube ni ta saman tabarau:
"Surutun wa ke gasa mini ƙafa yau?"
In ce na duniya ne, Kaka.
Ta ce, "To, su ci gaba da magana."
Can kuma, bayan ta kurɓi kofi:
"Inda kuka kafa zauren nan
nan nake tsinkar 'ya'yan itace ina yarinya.
Ɗumin naku ba laifi,
sai dai ba shi da ƙamshi."

Daren jiya, a sahu na goma sha bakwai,
na iske na'ura talatin da ɗaya
suna ta aiki, ba mai aike.
Kamfanin da ya yi hayarsu ya rufe
shekara uku ke nan.
Kowa ya manta da su, ban da madatsar ruwa,
ban da kogin da aka tare wa hanya
don su ci gaba da ƙifta ido.

Na nemi izini, na samu.
Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina kashewa,
kamar mai rufe tagogin gidan da aka tashi.
Gurnanin ya ragu da abin da bai fi numfashi ba.
Allurar mita ta ɗan rusuna.

Sai kuma zuciyata ta tafi ga safar Rauha.

Da safe, tun rana ba ta yi niyyar fitowa ba,
na shiga ɗakinta ban cire hula ba,
na ɗora tafina a kan ƙarfen.
Da ɗuminsa.
Duniya ba ta yi shiru ba.

Na zauna na ciro wayata,
hotuna dubu tara.
Na share faranti, na share rasit, na share gajimare,
har na iso kan Onni,
gatari a kafaɗa, yana dariya da giɓinsa.
Shi dai na bar shi ya ci wutarsa.