Shunayya a Mabera

Kafin in kunna fitila
nakan tsaya cikin duhu in saurari famfo.
Teku ke nan, lita ɗari da ashirin,
a akwatin gilashi, a kusurwar ɗakina na Mabera,
tsakanin firij da buhun gero.

Gishirin daga Legas ya zo a bayan tirela,
da kuɗin da na ce wa Kulu na gyaran babur ne.
Dutsen kuwa namu ne.
Modi direba ya tsinto mini shi a Kalambaina,
fari fat, da sawun katantanwa a gefensa.
Na wanke, na jiƙa, na jera uku kamar murhu.

Ba kifi nake jira ba.
Gansakuka ce, amma mai ƙashi,
wadda ke bin dutse tana rina shi
kamar haƙorin tsohuwa mai cin fure.
Irinta ya iso a kan ɗan tsakuwa, cikin leda.
Na kankare da reza, ƙurar ta bi ruwa.
Shuka ke nan, ba garma, ba kwasa,
kuma a gonar nan taki shi ne abokin gaba.

Da dare ruwan farar ƙasa ke sauka ɗis, ɗis,
ta robar ƙarin ruwa da na roƙo a asibiti.
Kowace Laraba in ɗiba a 'yar kwalba,
in ƙirga ɗigon magani har launi ya juya.
Bakwai. Takwas. Bakwai kuma.
Ba yawa take so ba, an ce,
so take yau ta yi kama da jiya.

To, wa ya isa ya yi wa Sakkwato wannan sharaɗi?
Bazara ta shigo, wuta ta tafi kwana uku.
Na bi masu ƙanƙara har Gawon Nama,
na dawo da rabi, rabin ya zube a wandona.
Kulu ta tsaya da mafici tana fifita ruwa,
ba ta dube ni ba.

Abin da ya fara fitowa kore ne, mai yauƙi.
Ta ce, "Randar da ba a wanke ba
kyauta take yin wannan."
Na rage haske, na goge da tsohon buroshi,
na canza bokiti biyu, na yi shiru.

Ladan maƙwabci ya leƙo ta taga:
"Mi kaka kiwo, Malam Bunu? Dutse?"
Na ce, "Awo, dutse."
Ya ce Allah shi sa ya haihu.

Wata huɗu.
Na daina haskawa da tocila bayan isha'i.
Ina dai zuba ruwa, kamar mai gaida surukin
da bai taɓa amsawa ba.

Inno ce ta gani, da yatsanta mai maiƙon ƙosai a gilashi:
"Baba, wa ya ɗiga alawa a nan?"
Ba a dutsen ba ma.
A baƙar robar famfo, inda ban taɓa dubawa ba,
ɗigo ɗaya, bai kai ƙwayar dawa ba.
Na sa farce. Bai goge ba.

Sati uku bayan nan ta sauka kan dutsen,
ta zaɓi daidai bakin katantanwar,
ta bi murɗinta a hankali kamar mai sa lalle.
Malaminmu na sakandare ya taɓa cewa
teku ya kwana a ƙasar nan tun ba a yi mutum ba.
Dariya muka yi, muna gumi.
Yau ga dutsen garinmu cikin ruwan gishiri,
bai nuna alamar baƙunta ba.

Kulu ta sunkuya, ta daɗe tana kallo.
Ta ce, "Yana da kyau."
Sannan ta ce, "Babur ɗin fa?"