Kyauta, In Ji Su

Sun ce kyauta ne.
To, kyauta ne, amma datar ɗari biyar
daga kuɗin cefanen Laraba ta fito.

Ƙarfe ɗaya na dare a Rigasa,
lokacin da sabis ke sakin jiki,
na jingina waya da gwangwanin madara
ina jiran zuciya ta sauko,
zuciyar mutum, ja wur, tana bugawa,
wadda wani malami da ban san garinsu ba
ya ajiye a intanet, bai nemi ko sisi ba.
Kashi arba'in. Kashi arba'in da ɗaya.
Sauro ya ci rabonsa.

Shekara goma sha huɗu ina zana ta da alli,
tana fitowa kamar mangwaron da aka taka.

Da safe, aji biyar, yara saba'in da uku,
waya ɗaya, fuskarta a tsage.
Na bi layi-layi da ita kamar mai rabon goro.
Ajin da ko hedimasta bai iya tsawatar masa
ya yi tsit.

Sai Barira ta bencin baya,
wadda tun zangon farko ban ji muryarta ba,
ta dafa ƙirji:
"Malam, tawa ma haka take yi?
Har in ina barci?"

Kafin in amsa, caji ya ƙare.
Na ce kowa ya dafa nasa.
Hannu saba'in da uku a kan ƙirji,
darasi ya ci gaba babu waya.

Yau da dare kuma huhu zan jira.