Rudu

Mun bar Aliero kafin assalatu,
ni da Tumba a gaban motar albasa,
ta rungume ledar takardunta kamar jinjiri.

Shekara uku ke nan.
An yanke na hagu, ta ce ɗaurin zane ya yi sauƙi.
An ɗaura mata ruwan nan ja har sau shida,
gashinta ya bi mataji bai dawo ba.
Sai farar ƙwaya, kullum bayan kunu,
wata ashirin da biyu tana tokare mana ƙofa.
Bana ta saki.
Ciwon ya gangara ƙugu, ya yi zaune cikin ƙashi,
har ruku'u ya gagare ta.

Likitar Birnin Kebbi sa'ar autarmu ce.
Ta ɗaga hoton ga hasken taga, ta daɗe.
Ta ce cutar ta gane maganin
kamar yadda tsutsa ke gane feshin bara.
Wannan kam na fahimta.
Ta ce akwai sabo,
amma sai an tsinki tsoka kaɗan an aika nesa
a karanto irinta,
don ba kowace sankara ke amsa suna ɗaya ba.

Tumba ta gyara mayafi.
“Ɗiyata, hwaɗa min gaskiya. Shina warkarwa?”
“Ba ya tumɓukewa, Inna. Yana tsarewa.”

Na zaci za ta yi kuka.
Sai ta dube ni ta ce, “Jabbi, ashe rudu ne.”
Mu da muka tsufa muna jibge albasa a rudu
mun san ba ya hana ruɓa,
jan ta yake, wata bayan wata,
har kasuwa ta yi kyau.

Likita ta rubuta kuɗin a bayan kati.
Ban iya karanta shi da naira ba,
na juya shi buhu:
sha ɗaya kowane wata.
Gonar bakin rafi ta faɗo mini a rai,
na kore ta, ta dawo.

Sakamako sai bayan mako uku.

A tasha ta sa na sayo mata iri, gwangwani biyu,
wai kada in ba kowa fangalinta bana.
Kafin Jega barci ya ɗauke ta a kafaɗata.
Hannuna ya mutu.
Ban motsa shi ba.