Hancin Kat-san-kat

Tsakanin gilashi da kapo
akwai ’yar taga mai haƙoran ƙarfe,
nan Fijon Baba ke shaƙar iska.
Damina uku ke nan
ruwa na bi ta ciki, yana ɗiga kan ƙafata,
tsatsa ta ci har gindin birki.

A Bagalam, Mati mai walda ya ɓalle ta.
Ganyen dogon yaro, ɓawon gyaɗa,
da wata dala da ta yi baƙi.
Ya yanko ƙarfe, ya ɗinke da wuta,
ya shafe da fenti.

Jiya na gangara Gulbi cikin yayyafi,
ƙafata a bushe.
Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya tsaya waje
yana ƙwanƙwasa gilashi.
Motar kuwa shiru, kamar mai mura.